Wace ce bakandamiyar Jimi Hendrix?

Duk shekara idan 18 ga Satumba ta zagayo, masoyan Jimi Hendrix, makaɗin jitar nan ɗan Amurka, sukan tuna da shi, don ranar ce ya rasu, kuma kafin a gama juyayin rashi an koma gardama. Wani zai ce "Purple Haze" ce ta fi. Wani ya ce ai wannan ta masu koyo ce, "Little Wing" ita ce waƙa. Can sai ka ji wani dattijo da ya tara tsofaffin faya-fayai ya ce kowa ya yi shiru, wanda bai zauna ya saurari "Machine Gun" daga farko har ƙarshe ba bai san mutumin ba. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan ana wannan ja-in-ja, babu wanda ya sauko daga kan bakansa.

Abin mamakin shi ne ƙanƙantar abin da ake gardamar a kai. Mutumin nan ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27. Kundin waƙoƙi uku kacal ya naɗa a situdiyo suka fito yana raye, sai na huɗu da aka ɗauka a wurin wasa. Daga ranar da ya sauka Landan babu wanda ya san shi, 24 ga Satumba 1966, zuwa ranar da ya bar duniya, shekara huɗu ce ba kwana shida. A cikin wannan ɗan taƙi ya yi duk abin da ya sa mujallar Rolling Stone ta sha ɗora shi a kan gaba idan tana jera gwanayen jita na duniya.

Kalmar da ta dace da wannan tambaya muna da ita a gida: bakandamiya. Kowane babban makaɗi yana da waƙar da ake cewa a cikinta ya ƙure basirarsa, kuma galibi a cikinta yake wasa kansa, ya faɗa wa duniya ko shi wane ne a fagen waƙa. Abin da masoyan Hendrix ke nema ke nan, ko da ba su da sunan. Sai dai kowane ɓangare da mudun da yake awo da shi. Wani shahara yake aunawa, wani iya tsara waƙa, wani kuma abin da yatsu suka yi a kan tsirkiya. A ƙarƙashin wannan duka akwai tambayar da ba a cika furtawa ba: shi ɗin wane ne? Tauraron da 'yan Ingila suka tsinto suka wanke, ko kuwa ɗan baƙar fatar Amurka da ya taso cikin kiɗan gargajiyarsu da ake kira buluz, wanda sai dab da mutuwarsa ya fara yin abin da ransa ke so? Waƙar da mutum ya zaɓa, amsarsa ce ga wannan tambaya.

An haife shi a Seattle, can arewa maso yammacin Amurka, ranar 27 ga Nuwamba 1942, a gidan da talauci ya yi wa katutu. Kafin ya mallaki jita, sandar tsintsiya yake rungumewa yana kaɗa iska. Bahago ne, ga shi jitar bahagwai tana da wuyar samu, shi ya sa ya saba ɗaukar ta masu amfani da dama ya kifa ta, ya sake jera tsirkiyoyin. Ka duba hotonsa riƙe da jitarsa ƙirar Fender Stratocaster: maɓallan sauti da ya kamata su kasance a ƙasa suna sama, dab da damtsensa, kunnuwan ɗaure tsirkiya kuma suna kallon ƙasa. Ya shiga soja a 1961, rundunar sojan laima, ya fito a 1962. Daga nan ya yi shekaru yana bin manyan mawaƙa baƙar fata yana kaɗa musu jita a baya, irin su Isley Brothers da Little Richard, yau a wannan gari gobe a wancan, kuɗin bai taka kara ya karya ba. A wani ɗan gidan rawa a Niyok Chas Chandler, tsohon mai kaɗa bes na ƙungiyar Animals, ya gan shi ya ɗauke shi zuwa Landan, ya haɗa shi da Turawa biyu: Noel Redding a bes, wato jitar nan mai kaurin murya, da Mitch Mitchell a ganga.

Masu awo da shahara daga nan suke fara hujjarsu. "Hey Joe" ta fito a Disamba 1966 ta kai lamba 6 a jadawalin waƙoƙin da suka fi ciniki a Birtaniya. "Purple Haze" ta biyo baya a Maris 1967 ta kai lamba 3. Ta farkon ba a daɗewa ake watsar da ita a gardama, don ba shi ya tsara ta ba, wasu da yawa sun rera ta kafin shi. Ta biyun ce mai ƙarfi. Buɗewarta sautuka biyu ne da ba sa jituwa, kamar mutum biyu da ke magana kowa ya ƙi saurara wa ɗan'uwansa, kuma duk wanda ya taɓa jin ta sau ɗaya zai gane ta cikin daƙiƙa biyu. Mutane sun ɗauka waƙar maye ce. Shi kuwa ya ce daga mafarki ta samo asali, mafarkin yana tafiya a ƙarƙashin teku. Masu suka suna cewa waƙar minti uku ce da aka yanka daidai wuyan rediyo, kuma shi kansa daga baya ya gaji da yadda 'yan kallo ke matsa masa lamba sai ya maimaita tsofaffin waƙoƙin nan a kowane wasa.

Akwai wani abu da ke hura wutar gardamar wanda matasan yanzu ba su sani ba. Kundinsa na farko, Are You Experienced na 1967, ba iri ɗaya ya fito a Birtaniya da Amurka ba. A Birtaniya al'adar lokacin ita ce waƙar da aka riga aka sayar a ƙaramin faifai ba a sake cusa ta a kundi, saboda haka babu "Purple Haze" babu "Hey Joe" a na can, amma akwai "Red House", buluz tsantsa mai tafiyar hawainiya. Kamfanin Amurka kuwa ya zuba waɗancan fitattun ya cire "Red House". Ka ga ke nan yaron da ya girma a Manchesta da wanda ya girma a Shikago ba Hendrix ɗaya suka sani ba. Na farko ya san mai buluz tun ranar farko. Na biyu, ɗan ƙasar da ta haifi buluz ɗin, an ɓoye masa shi. Dattawan da ke musu yau, wani lokaci ƙuruciyarsu ce kawai ke musu da juna.

Sai "All Along the Watchtower", wadda ta fi kowace rikita lissafi. Ita kaɗai ce waƙarsa da ta shiga sahun 40 na farko a jadawalin Amurka, ta tsaya a lamba 20 a 1968. Amma ta wani mawaƙin Amurka ce, Bob Dylan. Dylan ya fitar da tasa a Disamba 1967, a natse, da jitar katako da ɗan abin busa. Ba a yi wata guda cikakke ba Hendrix ya shiga situdiyo a Landan ya fara naɗar tasa, ya yi ta sake-sake wata da watanni, har bes ɗin ma shi ya kaɗa da kansa. A tsakiyarta jita tana magana sau huɗu a jere, kowane karo da murya daban, kamar mutum huɗu ne ke karɓar zance. Masu adawa sai su jefo maganar nan ta zanen aro ba ya rufe katara: ta yaya bakandamiyar mutum za ta zama waƙar wani? Masu goyon baya su ce to ai mai zanen ne da kansa ya sallama, domin Dylan ya koma yana rera waƙar tasa a salon Hendrix shekara da shekaru, har ya ce idan yana rera ta ji yake kamar girmamawa yake yi wa marigayin. Ni a nan ina tare da masu adawa, amma ba don aron ba. Waƙar ta nuna Hendrix gwanin gina sauti a situdiyo, mai haƙurin maimaita abu sau barkatai har abokan aiki su gaji su tafi. Ba ta nuna abin da ke cin ransa ba.

Masu kaɗa jita kuwa, idan ka tara goma, da wuya rabi ba su ce "Little Wing" ba. Tana cikin kundi na biyu, Axis: Bold as Love, wanda ya fito a Disamba 1967, kundin da saura ƙiris ya makara domin Hendrix ya manta tef ɗin rabinsa a cikin tasi a Landan, dole aka sake haɗa sautin cikin gaggawa. Ba ta kai minti biyu da rabi ba. Babu ihu, babu ƙona jita irin wanda ya yi a bikin Monterey a watan Yunin shekarar. Abin da ke ɗaure wa makaɗa kai shi ne daƙiƙa talatin ɗin farko. A ƙa'ida mai jita ko dai yana riƙe da amon da waƙa ke tafiya a kai, ko yana zuba karin da ke yawo a sama. Shi kuwa ya haɗa biyun a hannu ɗaya: babban yatsa ya zagayo ta saman wuyan jitar ya danne tsirkiya mai kauri, sauran yatsun suna ta ƙananan kwalliya a ƙasa. Malaman jita na makaranta hana wannan riƙo suke yi. Shi bai je makarantar ba, bai ma iya karanta rubutun kiɗa ba. A wurin makaɗa irin su Curtis Mayfield ya tsinci salon a shekarun da yake yaron wasu. Laifin waƙar ɗaya ne, kuma masoyanta ma sun yarda: tana fara daɗi sai ta dushe ta ƙare. Shi ya sa wani gwanin jita, Stevie Ray Vaughan, ya ja ta ta kusa minti bakwai ba tare da ya rera ko kalma ɗaya ba.

A nan ne labarin ya ɗan taɓo mu. Bombino, makaɗin Abzinawan nan na yankin Agadas, ya sha faɗin cewa yana yaro a gudun hijira shi da abokansa bidiyon Hendrix da na Mark Knopfler suke kallo suna kwaikwayon yatsunsu. Yaron da ke zaune gaban talabijin a haka babu ruwansa da lamba 3 ko lamba 20 a wani jadawali, hannu yake kallo. 'Yan jaridar Turai kuma sun maƙala wa wani makaɗin Abzinawan, Mdou Moctar, wanda shi ma bahago ne kamar Hendrix, laƙabin Hendrix na Sahara. Laƙabin yana sayar da tikiti, amma yana tauye haƙƙin kiɗan Abzinawa, wanda yake da nasa tushen da nasa malaman.

Idan da ma'aunin Bahaushe za a bi sak, gardamar da ta ƙare tuni, domin Hendrix yana da waƙar kirari. Ita ce "Voodoo Child" gajeruwa, wadda ake ƙara wa suna Slight Return, mai rufe kundi na uku, Electric Ladyland na Oktoba 1968, kundinsa ɗaya tilo da ya kai lamba 1 a Amurka. Akwai doguwa mai minti 15 da suka kaɗa cikin dare a Niyok a watan Mayun shekarar tare da baƙi irin su Steve Winwood. Washegari masu ɗaukar hoton talabijin suka zo suna son a yi kamar ana aiki, sai su ukun suka kama kaɗa wani abu a kan wancan karin, abin da ya fito ke nan. Tana buɗewa da jita tana ƙaiƙayi ta cikin wata na'ura da ake takawa da ƙafa, mai suna wah-wah, ba don wauta ba, don irin kukan da take sa jita ta yi ne. Sannan komai ya rufto. A cikin baitukan mutum ne ke bugun ƙirji cewa zai sare dutse da gefen tafin hannunsa. Wannan bugun ƙirji tsohuwar al'ada ce a buluz, kuma duk wanda ya taɓa jin ɗan dambe ko maharbi yana kirari ba zai ji shi baƙo ba. Da ita ya fi yawan rufe wasanninsa a shekarunsa na ƙarshe. Ita ce kuma ta ba shi lamba 1 a Birtaniya, a Nuwamba 1970, wata biyu bayan rasuwarsa.

Mutuwar tasa ita ma tana cikin abin da ya hana gardamar kwanciya. Ya sha ƙwayoyin barci fiye da kima, amai ya shaƙe shi, mai binciken gawa kuma bai yanke hukuncin yadda abin ya faru ba, ya bar maganar a buɗe. Ya tafi ya bar tarin tef a sabon situdiyonsa, Electric Lady, wanda aka buɗe a Niyok makonni kaɗan kafin rasuwarsa, da kundin situdiyo na huɗu da bai kammala ba. Kayan marayu kuwa kowa ya san yadda ake yi da su. An yi ta fitar da faya-fayai da sunansa, har a 1975 wani furodusa mai suna Alan Douglas ya goge makaɗan da suka yi aiki da shi a wasu naɗe-naɗen ya sa waɗanda ba su taɓa haɗuwa da shi ba suka kaɗa a madadinsu. Sai a 1995 mahaifinsa, Al Hendrix, ya ƙwato haƙƙin mallakar bayan shari'a, aka dawo da injiniyansa na asali, Eddie Kramer, aka fitar da First Rays of the New Rising Sun a 1997 a matsayin hasashen abin da yake shirin yi. Saboda haka idan wani ya ce "Angel", wadda sai bayan rasuwarsa ta fito, ita ce zaɓinsa, sai a ce masa ai mai waƙar bai sa hannu a kan yadda ta fito ba. Shi kuma ya ce to laifin wa? A haka za a watse.

Abin da waɗannan tef ɗin suka nuna shi ne mutumin yana kan sauyawa. Ƙungiyarsa ta farko ta watse a tsakiyar 1969. Yana jin zafin yadda gidajen rediyon baƙar fata ba sa sa waƙoƙinsa, wasu 'yan'uwansa ma na kallonsa a matsayin mai yi wa Turawa wasa. Ga yaƙin Biyetnam yana cin samari, ga tarzoma a biranen Amurka bayan kisan Martin Luther King a 1968. A wannan yanayi ya hau dandamalin bikin kiɗa na Woodstock ranar Litinin 18 ga Agusta 1969 da hantsi. Ruwan sama da jinkiri sun sa yawancin mutum dubu 400 da aka ƙiyasta sun riga sun kama hanya, sai sauran da suka rage cikin taɓo da shara. Ya ɗauki taken ƙasar Amurka ya kaɗa, yana kai wa wurin da taken ke maganar rokoki da bama-bamai sai jitar ta zama rokokin da bama-baman. Da aka tambaye shi a talabijin ko bai ga ya saɓa al'ada ba, ya ce shi dai a ganinsa abin ya yi kyau. Wasu suna kawo wannan a matsayin zaɓinsu. Amsar da ake ba su ita ce wannan lamari ne na tarihi, ba waƙa ba, kuma wanda ya ji ta ba tare da ya san ranar da wurin ba rabin abin ya ji.

Ni dai "Machine Gun" na zaɓa, kuma zan faɗi dalili. An ɗauke ta ne a zauren Fillmore East na Niyok ranar 1 ga Janairu 1970, da sabuwar ƙungiya ta baƙar fata zalla: Billy Cox, abokinsa tun daga barikin soja, a bes, da Buddy Miles a ganga. Kafin ya fara ya sadaukar da ita ga masu faɗa a titunan Shikago da Milwaukee da Niyok, sannan kamar wanda ya tuna, ya ƙara da sojojin Biyetnam. Ta haura minti 12. Baitukan kaɗan ne, kuma muryar manomi ne da ake harbi yana yi wa mai harbin magana. Gangar Miles tana ta ɓarin wuta kamar bindiga mai sarrafa kanta. Wajen minti na huɗu jitar ta kama sauti ɗaya tak ta riƙe, ta ƙi saki, har sai ka ji numfashinka ya tsaya tare da ita.

Ka san ƙugin nan da lasifika ke yi a wurin taro idan makirufo ya matso kusa da ita, kowa ya toshe kunne ana neman mai gyara? Wannan ƙugi shi Hendrix ya sa wa linzami. Ta hanyar matsawa kusa da lasifikarsa ko ja da baya, ta hanyar juya jikin jitar kaɗan, yake sa ƙugin ya hau ko ya sauka daidai inda yake so. A sauran waƙoƙinsa ado ne. A nan shi ne zancen: jirgi yana saukowa, bam yana faɗuwa, wani yana kururuwa daga nesa. Kuma babu situdiyo, babu sake ɗauka, babu jita ta biyu da aka ɗora daga baya. Waɗanda suka halarta sun ce a tsaye yake cak, babu kaɗawa da haƙori, babu jita a bayan wuya.

Na taɓa kunna ta a shagon wani mai gyaran rediyo da nake zama wurinsa da yamma. Da aka kai wurin sautin nan mai tsawo sai ya ajiye sukundireba ya miƙa hannu zai duba waya, a zatonsa lasifikar da ya gama gyarawa ce ta sake tsagewa. Na ce masa da gangan ne. Ya koma ya zauna bai ce komai ba har kusan minti biyu, sannan ya ce, "Malam, jita nawa ce a nan?" Na ce ɗaya. Ya ce in daina yi masa wasa da hankali, ya sa na maido ta baya.

Masu "Little Wing" za su ce ta yi tsawo kuma ba a iya rera ta a hanya. Gaskiyarsu ne. Masu "Voodoo Child" za su ce babu kirari a ciki, ni kuwa sai in ce mutumin da ya tsaya cak na minti 12 da jita ɗaya ya sa zaure ya yi tsit ba ya bukatar ya faɗi sunansa. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda aka yi faifan ya samu. A 1965, lokacin yana yawo a Niyok babu na abinci, ya sa hannu a wata yarjejeniya ta shekara uku da wani furodusa mai suna Ed Chalpin, a kan dala 1 da kashi 1 cikin 100 na ciniki. Da ya shahara sai takardar ta taso, aka je kotu, aka sasanta cewa zai ba da kundi guda na sababbin waƙoƙi a rufe maganar. Wasanni huɗun da aka yi a Fillmore East cikin dare biyu, don a biya wannan bashi aka ɗauke su. Kundin, Band of Gypsys, ya fito a Maris 1970, saura wata shida ya rasu.